Kula da Haƙoran Jariri Tun Kafin Famfara

MANUFOFIN DARASI

Bayan kammala wannan darasi, ana so mai koyo ya iya:

1. faɗin yawan haƙoran nono da lokacin da suke fitowa da lokacin da suke faɗuwa;
2. bayyana yadda kogo yake samuwa a haƙori;
3. goge wa jariri da ƙaramin yaro baki yadda ya dace;
4. ƙirga sau nawa zaƙi yake shiga bakin yaro a yini ɗaya;
5. bambance fitar haƙori da rashin lafiyar da take buƙatar asibiti.

1. "AI ZAI YI FAMFARA"

A gidajenmu, idan haƙorin ɗan shekara 3 ya yi baƙi, ba a cika ɗaga hankali ba. Sai ka ji an ce, "Ƙyale shi, ai zai yi famfara, wasu za su fito." Famfara kam zai yi. Amma yaushe? Haƙoran gaba ne suke fara faɗuwa, wajen shekara 6. Turamen da ke can ciki kuwa sai yaro ya kai shekara 10 zuwa 12 suke barin baki. Ke nan turmin da ya yi kogo a shekara 3 zai iya zama a bakin yaro shekara 7 ko 8, yaron yana tauna da gefe ɗaya, yana ƙin nama da tsaki-tsakin abinci, yana tashi da kuka tsakar dare.

Haƙoran nono guda 20 ne, 10 sama 10 ƙasa. Tun jariri yana ciki suke fara ginuwa a ƙarƙashin dasashi. Galibi biyun gaba na ƙasa ne suke fara ɓullowa wajen wata 6, sai dai wani yaron yakan riga, wani kuma sai ya doshi shekara. Duk ba laifi. Zuwa shekara 2 da rabi ko 3 sun cika.

Aikinsu ya wuce tauna. Da su yaro yake koyon furta sautuka irin su "s" da "ts". Kuma kowane ɗayansu yana tsare wa haƙorin girma wurinsa, kamar yadda mutum yake ajiye bokiti a layin famfo. In aka cire haƙorin nono tun lokacinsa bai yi ba, na kusa da shi sai su matso su cike gurbin, na girma ya zo ya tarar babu wuri, ya fito a karkace. In kuma kogo ya yi zurfi har ya tara mugunya a saiwa, yana iya taɓa haƙorin girma da ke kwance a ƙarƙashinsa.

AKWATIN KALMOMI
Haƙoran nono: haƙora 20 na farko da yaro yake yi.
Haƙoran girma: haƙora 32 na babban mutum, waɗanda ba a sake wasu bayansu.
Famfara: faɗuwar haƙoran nono domin na girma su fito.
Dasashi: naman da haƙora suke tsaye a cikinsa.

Ga wani abu da yake ruɗa iyaye. Wajen shekara 6, turmin girma na farko yana fitowa a bayan turamen nono ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Da yawa suna ɗauka shi ma na nono ne, su bar shi ya ruɓe. Wannan turmi ba shi da madadi.

2. YADDA KOGO YAKE SAMUWA

Mun taso muna jin ana cewa tsutsa ce take cin haƙori. Babu tsutsa. Abin da ke akwai shi ne wasu ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, waɗanda suke taruwa a cikin wata dauɗa mai yauƙi da take mannewa a jikin haƙori. Sa farce ka kankare haƙorinka da safe kafin ka wanke baki, za ka ga wani abu fari-fari mai laushi. Ita ce.

Abincin waɗannan ƙwayoyi sukari ne. Da zarar zaƙi ya shiga baki, sai su ci, su fitar da wani tsami da likitoci suke kira asid. Tsamin yana narkar da ɓawon haƙori kaɗan-kaɗan, na kimanin minti 20 zuwa 30 bayan kowane ci. Daga nan yawu ya zo ya wanke tsamin, ya mayar wa ɓawon sinadaran da ya rasa. Kullum haka ake yi a bakin kowa: tsami ya ci, yawu ya gyara. Kogo yana samuwa ne idan ci ya fi gyara yawa. Ɓawon haƙorin nono kuma bai kai na babba kauri ba, shi ya sa ɓarnar take sauri a bakin yaro.

AKWATIN KALMOMI
Ɓawon haƙori: farin rufi mai ƙarfi da ke wajen haƙori.
Dauɗar haƙori: yauƙin da ƙwayoyin cuta suke zaune a ciki.
Kogo: ramin da tsami yake yi a haƙori bayan ya cinye ɓawonsa.

Daga ina jariri yake samun waɗannan ƙwayoyi? Mafi yawa daga yawun masu rainonsa. Uwa ta ɗanɗana koko da cokali don ta ji zafinsa, ta sa wa yaro cokalin a baki. Kaka ta tauna nama ta ba jika. Yaya ta lashe alewa ta miƙa wa ƙani. Duk cikin ƙauna ake yi, ba wanda zai ce mugunta ce. Gyaran mai sauƙi ne: a ware wa yaro cokalinsa, a ɗiga kokon a bayan hannu in ana so a ji zafinsa, a daka nama ko a yayyanka shi ƙanana. Mai raino kuma da yake da kogo a nasa bakin, ya je a gyara masa.

Matsalar ba ta gidanku kaɗai ba ce. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa yara miliyan 514 ne suke da ruɓewar haƙoran nono.

3. SAU NAWA, BA NAWA KAƊAI BA

Tunda kowane ci yana jawo tsami na kusan rabin awa, abin da ya fi cin haƙori shi ne yawan lokutan da zaƙi yake shiga baki. Yaron da ya cinye alewa 3 a zama ɗaya bayan tuwo ya fi sauƙin ɓarna a kan wanda aka rarraba masa ukun nan tsakanin hantsi da la'asar.

MISALI NA 1
Wata yarinya 'yar shekara 2, mahaifiyarta tana tuyar ƙosai a ƙofar gida. Ga yininta:

Da safe, koko da sukari. Ƙarfe 9, wani mai sayen ƙosai ya ba ta biskit. Ƙarfe 11, yayyenta sun dawo tara, sun ba ta minti. Da azahar, shinkafa da wake, ta kora da zoɓo. Da la'asar, kakarta ta ɓantaro mata gullisuwa. Bayan magariba, tuwo da miyar kuka, da ruwa. Bayan isha'i, babanta ya dawo da tsarabar lemon kwalba, ta kurɓa. Da za ta yi barci, aka ba ta shayi mai sukari a bulumboti.

Mu ƙirga: koko 1, biskit 2, minti 3, zoɓo 4, gullisuwa 5, lemo 6, shayi 7. Sau 7. In muka ba kowanne rabin awa, haƙoranta sun yi awa 3 da rabi cikin tsami, alhali na dare ma ya wuce rabin awa, shi ya fi duka tsawo. Lura cewa babu wanda ya ba ta abu mai yawa. Mutum 5 ne ko 6, kowa ya ba da ɗan kaɗan, kuma babu wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya bayar.

Gyara: a rage sukarin koko a hankali har ta saba. A tara biskit da minti da gullisuwa a ba ta bayan abincin rana, a daina lemo da shayin dare. Tsakanin abinci, in ta ji yunwa, akwai ayaba, gwanda, dafaffen ƙwai, dankali, nono marar sukari. In ƙishirwa ce, ruwa. An dawo sau 2 ke nan.

Na dare shi ne babba. Idan mutum ya yi barci, yawu yana raguwa ƙwarai, mai gyaran ya tafi hutu. Yaron da ya yi barci da bulumbotin shayi ko madara mai sukari a baki, zaƙin yana kwanciya a kan haƙoransa na gaba na sama har asuba. Shi ya sa za ka ga yara da haƙoran sama huɗu sun ɓuɓɓurme sun zama kututture, na ƙasa kuwa lafiya lau, domin harshe ya rufe su. Daga wata 6 a fara koya wa yaro sha da kofi, in ya shekara a raba shi da bulumboti.

Nonon uwa dabam ne. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce nono zalla wata 6, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2 ko fiye. Kada wannan darasi ya sa wata ta yi gaggawar yaye. Abin da ake so kawai, da zarar haƙori ya fito, a riƙa goge shi kafin kwanciya. Zuma kuwa ba a ba jaririn da bai shekara ba, saboda wata cuta mai shanye jiki da ƙwayarta takan ɓuya a cikinta.

MISALI NA 2
An rubuta a jikin kwalin lemo cewa akwai sukari giram 10 a kowane mililita 100. Kwalin mililita 200 ne. Sukarin ciki giram 20 ke nan. Ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar kimanin giram 4. Raba 20 da 4, ka samu 5. Wace uwa ce za ta ɗebi sukari cokali 5 ta ɗura wa ɗan shekara 1? Amma a kwali ana yi kullum.

4. GOGE BAKI

Ana farawa tun kafin haƙori ya fito. Bayan wankan safe da na yamma, a naɗe tsabtataccen ƙyalle mai laushi a yatsa, a jiƙa shi da ruwan da aka tafasa ya huce, a shafa dasashin jariri sama da ƙasa. Babban amfaninsa shi ne sabo. Jaririn da ya saba da yatsa a bakinsa ba ya yin dambe da buroshi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ranar da haƙori na farko ya ɓullo, ranar buroshi ya shigo gida: ƙarami, mai taushin baki, nasa shi kaɗai. Man goge baki, wanda muka fi kira makilin, ya zama mai sinadarin fuloraid. A duba jikin kwalinsa, a nemi lamba 1000 ko sama da haka, da haruffan ppm a gabanta. Wasu man yara ƙamshi ne kawai da zane, babu fuloraid ɗin kirki a ciki.

AKWATIN KALMOMI
Fuloraid: sinadarin da yake ƙarfafa ɓawon haƙori, ya taimaka wa yawu wajen gyaran abin da tsami ya ci.
Ma'aunin mai: ƙasa da shekara 3, kamar ƙwayar shinkafa. Daga 3 zuwa 6, kamar ƙaramar ƙwayar wake.

Ma'aunin nan ba rowa ba ce. Ƙaramin yaro bai iya tofarwa ba, haɗiyewa yake yi, kuma fuloraid in ya yi yawa a jiki lokacin da haƙoran girma suke ginuwa yana bar musu tabo. Mutanen Tibiri da ke kusa da Maraɗi sun ga iyakar wannan, lokacin da ruwan famfonsu mai fuloraid fiye da ƙima ya ɓata wa yara da yawa haƙora da ƙasusuwa. Ƙwayar shinkafa ba za ta yi haka ba. Amma a ajiye man inda hannun yaro ba ya kaiwa, don wasu lasa suke kamar alewa.

Yadda ake yi: ki zauna a tabarma, ki kwantar da kan yaro a cinyarki kamar za ki yi masa kitso, don ki ga cikin bakin sosai. Ki ɗaga leɓe da yatsa. Ki goga a hankali, kina ɗan kewayawa, musamman inda haƙori ya haɗu da dasashi, nan dauɗa take kwana. Waje, ciki, sannan saman turame. In haƙora sun cika, minti 2 ne. In ya iya tofarwa ya tofar, amma kada a ba shi ruwa ya kuskure, a bar ragowar man ya yi aikinsa. Sau 2 a yini: da dare kafin barci, da kuma safe. Bayan na dare babu abin da zai sake shiga baki sai ruwa. Na ce "ki" ne don sauƙin magana. Uban da ya dawo daga sallar isha'i hannunsa ba ciwo yake ba.

Yaro ɗan shekara 2 zai ce shi zai yi da kansa. A bar shi ya fara, babba ya ƙarasa. Hannunsa ba ya ƙwarewa sai wajen shekara 7 ko 8. Buroshi kuma in bakinsa ya baje, ko ya yi wata 3, a sake.

To asuwaki fa? Asuwaki yana cire dauɗa ƙwarai a hannun wanda ya iya, kuma yaron da yake ganin babansa da shi wajen alwala ya riga ya koyi cewa baki abin wankewa ne. Sai dai ga jariri yana da tauri, zarensa yana iya maƙale masa, kuma ɗan shekara 2 da yake gudu da icce a baki abin tsoro ne. A jira ya girma. Gawayi da toka da gishiri kuwa kankare ɓawon suke yi.

MISALI NA 3
Wata matar aure tana zaune da surukarta. Kullum ta goge wa ɗanta baki da dare, sai ya zarce ɗakin kakarsa, a ba shi dabino da tuwon madara. Faɗa ba zai yi magani ba. Ga yadda ta ɓullo wa abin:

"Inna, don Allah ki duba mini bakin mai gidan nan naki. Kin ga farin layin nan a gindin haƙoransa?"
"Na gani. Ba nono ba ne?"
"Na goge bai fita ba. A asibiti sun ce farkon kogo ne, wai zaƙin dare ke kawo shi. Ni kuwa ba ya jin maganata sai taki. Ko za ki riƙa ba shi tsarabarsa bayan abincin rana, da dare kuma ki riƙe mini shi in goge?"
"Kawo shi nan. Ai ni ba zai yi mini gardama ba."

Ba ta hana kaka kyauta ba, lokacin kawai ta sauya, kuma ta ba ta matsayi a aikin. A gidan yawa, in ba a shawo kan kaka da 'yan uwa da masu raino ba, buroshin uwa shi kaɗai ba zai kai ko'ina ba.

5. "HAƘORI NE"

Fitar haƙori tana sa dalalar yawu, da ƙaiƙayin dasashi, da cizon duk abin da yaro ya samu, da ɗan rigima. Jiki kan yi ɗumi kaɗan. Iyakarta ke nan. Zazzaɓin da ya kai 38 a ma'aunin zafi, da zawo, da amai, da suma, ba haƙori ba ne.

Dalilin da ya sa suke zuwa tare shi ne, wajen wata 6 ne kariyar da jariri ya samo daga jikin uwa take raguwa. A lokacin ne kuma yake fara cin abinci, ya fara rarrafe, ya kai takalmi da ƙasa baki. Ciwon ya zo daidai da haƙori, sai haƙori ya ɗauki laifi. Yara da yawa sun galabaita da zazzaɓin cizon sauro ko zawo a gida ana cewa "haƙori ne, zai wuce". Mai zawo a ba shi ruwan ORS da ƙwayar zinc, a ci gaba da nono, a kai shi asibiti. Mai zazzaɓi a je a gwada jininsa.

A yi hattara da magungunan haƙori na kasuwa. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, yara 84 suka rasu a Najeriya bayan shan wani maganin fitar haƙori mai suna My Pikin, wanda aka samu gurɓace da wani sinadari mai kashe ƙoda. Hukumar NAFDAC ta rufe kamfanin. Haka kuma kafson nan ja da rawaya da ake ɓarewa a zuba wa yaro a koko don zawo, in tetracycline ne, yana rina haƙoran da ke ginuwa rini na har abada, shi ya sa ba a ba yaron da bai kai shekara 8 ba. Kada kuma a bari a tsaga dasashi da aska. Abin da yake sanyaya wa yaro shi ne a murza masa dasashi da wankakken yatsa, ko a ba shi ƙyalle mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi ya ciza.

6. ƊAGA LEƁE

Sau ɗaya a wata, a fito da yaro haske, a ɗaga leɓensa na sama a duba. Farin layi kamar na alli a gindin haƙori shi ne matakin farko, kuma a nan ana iya tsayar da ɓarnar da goga da rage zaƙi. In ya koma ruwan ƙasa ko baƙi, sai likitan haƙori. An fi so a kai yaro a duba shi tun yana da shekara 1, kafin wani ciwo ya zo.

Akwai alamun da ba a kwana da su: dasashi mai zubar jini da wari mai ƙarfi, gyambo a cikin baki, kumburin kunci, musamman ga yaron da ya rame ko bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba. Haka cutar noma take farawa. Ba ta da alaƙa da noman gona, sunan daga Girkanci ya zo. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, kuma cikin kwanaki tana iya cinye kunci da leɓe. In an kai yaro da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. A Sakkwato akwai asibitin yara na musamman domin wannan cuta tun 1999, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta.

TAMBAYOYIN BITA

1. Haƙoran nono nawa ne, kuma a wace shekara turamen nono suke faɗuwa?
2. Wani ya ce maka, "Ƙyale shi, ai zai yi famfara." Kawo dalilai 2 da za ka ba shi.
3. Bayyana da kalmominka abin da tsami yake yi da abin da yawu yake yi.
4. Me ya sa zaƙin dare ya fi na rana ɓarna?
5. Kwalba tana da mililita 300, an rubuta sukari giram 8 a kowane mililita 100. Cokalin shayi nawa ke nan?
6. Wane ma'aunin mai za a sa wa ɗan wata 10? Ɗan shekara 4 fa?
7. Jariri ɗan wata 7 yana zawo, jikinsa ya yi zafi, maƙwabciya ta ce haƙori ne. Me za ki yi?
8. Faɗi alamu 3 a bakin yaro da ba a kwana da su a gida.
9. Aikin gida: zaɓi yaro ɗaya a gidanku, ka rubuta duk lokacin da zaƙi ya shiga bakinsa daga safe zuwa dare, da wanda ya ba shi. Kawo lissafin aji mako mai zuwa.